Masu Miƙar da Bayan Dattijo a Cikin Ruwa

Ciwon baya in ya zauna a jikin dattijo, da kaɗan-kaɗan yake karɓe masa harkokinsa. Yau ya daina zama a kan tabarma sai an kawo kujera. Gobe zuwa masallacin unguwa ya zama aiki, sai ya tsaya sau biyu a hanya yana dafa bango. Daga nan ruku'u ya gagara, sallah ta koma a zaune. Tsohuwa kuwa goyon jika take fara ajiyewa, sannan tsintsiya, sannan zuwa biki da gaisuwar rasuwa, har a wayi gari duniyarta ba ta wuce ɗaki da tsakar gida ba. 'Ya'ya da jikoki, saboda tausayi, sai su ƙara ɗaure abin: "Baba, ka kwanta ka huta," "Inna, bar shi, kada ki sunkuya." Da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma kwanciyar nan ƙarfi take ƙara wa ciwon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050, saboda jama'a na ƙaruwa, tsofaffi kuma na ƙara yawa. Babu lalurar da ta kai shi hana mutane harkokinsu a duniya. In ya wuce wata uku ana lissafa shi cikin mai daɗewa, kuma a wajen kusan mutum tara cikin goma ba a samun wata cuta guda da za a nuna a ce ga ta nan. Hoton ƙashi zai nuna zaizayewa, to amma haka zai nuna a bayan sa'anninsa da yawa waɗanda ba sa jin komai. Abin da ya fi faruwa shi ne ciwo ya haifi tsoron motsi, rashin motsi ya sa tsokokin da ke tallafe ƙashin baya su saki, gaɓoɓi su sandare, sannan ɗan motsi kaɗan ya zo da ciwon da ya fi na da. Shi ya sa ƙa'idojin da hukumar ta fitar a watan Disamba na 2023 suka sa motsa jiki cikin abubuwan da ake so a yi, suka kuma ja kunne a kan ɗaura bel a ƙugu da shan magunguna dangin taramol. Sai dai faɗar "motsa jiki" abu ne mai sauƙi. Yaya za ka ce wa mutumin da ba ya iya tsayuwar minti biyar ya motsa jiki?

A nan ne wani reshe na aikin likitocin fisiyo, waɗanda muka fi sani da masu gashin ƙashi, yake ba ni sha'awa matuƙa: masu shiga da majinyaci cikin kwamin ruwan ɗumi su yi masa aiki a can. Wanda ya leƙa daga waje ba zai ga wani abin a zo a gani ba. Tsofaffi ne huɗu ko biyar suna takawa a hankali cikin ruwa iya ƙirji, ga wani matashi ko matashiya a tsakiyarsu yana magana ƙasa-ƙasa. Amma zurfin da kowa ya tsaya a kai, da saurin takunsa, da inda tafin hannunsa ke kallo, da wurin da likitan ya zaɓa ya tsaya, duk da awo aka yi su.

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san tushen abin a hannunsa. Guga cike, muddin yana cikin ruwa, da yatsu biyu ma sai ka ja shi. Yana fitowa sai ka ji nauyin ya sauka a kafaɗarka. Arkimidis, masanin nan na birnin Sirakusa a tsibirin Sisili, ya bayyana dalilin fiye da shekara 2,200 da suka wuce: ruwa yana tura abin da aka tsoma cikinsa sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. An auna wannan a jikin mutum. In ka tsaya ruwa iya ƙugu, kusan rabin nauyinka ne kawai ƙafafunka ke ɗauka. In ya kai ƙirji, kusan kashi ɗaya cikin uku. In ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Hajiya mai kilo 90, wadda gwiwoyinta da ƙugunta suke kuka tun daga bakin ƙofa, tana shiga ruwa iya ƙirji ta koma ɗauke da kilo 30 ko ƙasa da haka. Ga likita, zurfi shi ne awon magani. Shi ya sa ake gina irin wannan kwami da gangare ko da hawa-hawa. Wanda ciwonsa ya yi tsanani a fara da shi a wuri mai zurfi, mako-mako ana matso da shi inda ruwa ya ragu, wato ana mayar masa da nauyin jikinsa kaɗan-kaɗan daidai yadda bayansa zai iya karɓa. A doron ƙasa ba ka da wannan dama. Ko dai mutum ya tsaya da nauyinsa duka, ko ya kwanta.

Ruwan da ya ɗauke nauyi kuma shi ne ke ba tsoka aiki. Ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka ko ta ina ka motsa sai ka ture shi. Turjiyar tasa tana da wata ɗabi'a mai kyau ga tsoho: da saurinka take tafiya. In ka ninka saurin hannunka sau biyu, takan ninku kusan sau huɗu. In ka rage, ta ragu. In ciwo ya soke ka ka tsaya, ta ɓace nan take. Babu ƙarfen da zai faɗo maka a ƙafa, babu robar da za ta fizge ka. Likita ba ya bukatar kayan aiki da yawa. Ya ce a yanka ruwa da gefen hannu, aiki ya yi sauƙi; ya ce a buɗe tafi, ya yi nauyi; ya ba da ɗan allon soso a tura, ya ƙara nauyi.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne yadda gwani ke sarrafa ruwan kansa. In yana so tafiya ta yi wa mai rauni sauƙi, sai ya shiga gabansa yana ja da baya, ruwan da ke bin sawunsa ya riƙa janyo majinyacin. In yana so ya gwada ƙarfin tsayuwarsa, sai ya ce ya tsaya cak, shi kuma ya kaɗa ruwa da hannu kusa da ƙugunsa, ko ya wuce ta gefensa da sauri. Ruwan zai nemi ya karkatar da dattijon, tsokokin ciki da ƙananan tsokokin da ke manne da ƙashin baya su ɗaure da kansu don ya tsaya. Waɗannan tsokoki su ne ake wahalar koya wa mutum amfani da su a kan gadon asibiti. Kana ce masa ya ɗaure ciki sai ya riƙe numfashi ya ɗaga kafaɗa. A cikin ruwa ba sai an yi dogon bayani ba. Haka nan in aka ce wa rukuni su yi ta zagaye ta gefe ɗaya sannan a ce su juya, ruwan da suka tayar da kansu shi zai tare su. Kuma in mutum ya yi tangaɗi, faɗuwa a ruwa a hankali take zuwa, yana da lokacin gyara ƙafa. Ga wanda ya taɓa faɗuwa a banɗaki ya kwana da tsoron abin a ransa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗumin ruwan ma da awo ne. Akan riƙe shi tsakanin digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, inda jiki ba ya jin sanyi ko da ba a motsi da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukar zafi. Kwamin wasan iyo yakan tsaya wajen 26 zuwa 29, wanda ya yi wa tsoho mai tafiya a hankali sanyi, sanyi kuwa ɗaure tsoka yake yi. Ɗumi yana sassauta tsokar da ta daɗe a ƙulle, kuma taɓawar ruwa a ko'ina a fata tana rage yadda saƙon ciwo ke isa ƙwaƙwalwa.

Sai matsin ruwa, wanda shi ne ya sa wannan aiki ya zama na likita. A zurfin mita ɗaya matsin ya kai kusan 74 a ma'aunin da ake awon jini da shi. Yana matse ƙafafu, ya rage kumburi, ya tura jini sama. An auna cewa mutumin da ya shiga ruwa iya wuya, jini wajen mililita 700 ne ke komawa ƙirjinsa, zuciya ta riƙa fitar da jinin da ya fi na kullum da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙirji ma ruwa na danne shi, numfashi ya ƙara zama aiki. Ƙoda kuma ta ɗauka ruwa ya yi yawa a jiki, ta shiga sakin fitsari. Ga mai lafiyar zuciya wannan motsa jiki ne mai amfani. Ga wanda zuciyarsa ta raunana, mai kumburin ƙafa da haki in ya kwanta, yana iya zama haɗari. Don haka gwani na gaskiya aikinsa a kan kujera yake farawa, da tambaya da awo, tun kafin kowa ya jiƙa ƙafa.

Zai tambayi zuciya da hawan jini da magungunan da ake sha. Zai duba ƙafar mai ciwon suga ko da gyambon da bai sani ba. Mai zazzaɓi, mai gudawa, mai buɗaɗɗen rauni, mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, wanda ba ya iya riƙe bayan gida, duk ba sa shiga. Sannan zai nemi alamun da ke nuna cewa ciwon bayan ba na yau da kullum ba ne: rama ba dalili, zufar dare, ciwon da ke tada mutum daga barci ko ya kwanta lamo, ƙafa da ke ƙara mutuwa, dindiris a tsakanin cinyoyi, fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba. A ƙasarmu, inda tarin fuka yake da yawa, dole a tuna cewa yana kama ƙashin baya ya cinye shi. Ciwon dajin mafitsara ga maza da na mama ga mata ma sukan yaɗu zuwa can. Mai irin waɗannan alamu wurin likitan ƙashi ake tura shi a ranar, ba cikin ruwa ba. Ina ganin sanin wanda za a hana shiga rabin gwanintar ne.

Ko cikin waɗanda suka cancanta, baya ba iri ɗaya ba ne. Akwai dattijon da hanyar jijiyoyi a ƙashin bayansa ta tsuke saboda shekaru. Shi in ya tsaya ko ya yi tafiya ƙafafunsa su yi nauyi su ɗau zugi, in ya zauna ko ya ranƙwafa a kan sanda ya ji sauƙi. Akwai kuma wanda guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin bayansa ne ke damunsa. Shi zama da sunkuyo ne abokan gabarsa, miƙewa ke ba shi sauƙi. Atisayen da zai taimaki na farko yana iya tayar wa na biyu da ciwo. Na farko za a sa shi ya jingina da bango ya janyo gwiwa zuwa ƙirji, ko ya hau doguwar sandar soso ya riƙa tuƙa ƙafa kamar yana kan keke. Na biyu za a bar shi a miƙe, a yi ta tafiya, a jinkirta sunkuyo. Wanda ya jera su duka ya ba su abu guda wasan ruwa yake koyarwa.

Akwai wata matsala kuma da littafin awo ba ya magance ta. Yawancin dattawanmu, in ka cire mutanen bakin kogi da masunta, ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Mai tsoro kuwa jikinsa a sandare yake, kafaɗa a ɗage, numfashi a riƙe, yatsu sun damƙe ƙarfen bango. A haka babu amfanin da ruwa zai yi masa. Mutumin da ya fi kowa tunani a kan wannan ba likita ba ne. James McMillan injiniya ne masanin yadda ruwa ke motsi, wanda a 1949 ya fara koya wa 'yan mata masu nakasa iyo a makarantar Halliwick da ke arewacin Landan. Tsarin da ya fitar, mai matakai goma, har yau da sunan makarantar ake kiransa, kuma matakinsa na farko shi ne hankali ya kwanta da ruwa. Kafin komai sai mutum ya koyi hura iska in ruwa ya taɓa leɓensa, don kada ya shaƙa. Sai ya koyi yadda zai dawo tsaye in ƙafarsa ta tashi: ya kai kai gaba, ya miƙa hannu, ya janyo gwiwa, ya sauke ƙafa. Sannan a riƙa janye tallafi kaɗan-kaɗan.

Janye tallafin nan fasaha ce ta hannu da baki. Ranar farko za ka ji ana cewa, "Baba, dafa kafaɗata da hannu biyu. Ina riƙe da kai, ba inda za ka." Shi kuma ya ce, "Ɗan nan, kada ka sake ni fa." Ba kuwa za a sake shi ba, don amana in ta karye a cikin ruwa da wuya ta ɗoru. Bayan kwana biyu riƙon ya koma gwiwar hannu, sannan tafin hannu, sannan kan yatsu, har ranar da likitan zai riƙa tafiya a gabansa hannu a buɗe ba tare da sun taɓa juna ba. A ɓangaren mata ka ji: "Hajiya, ƙafa ɗaya tukuna. Yawwa. Ki saki numfashin, kafaɗar nan ta sauko." Sau da yawa hira ake ja, a tambayi jikoki, a tambayi gona, don mai ba da labari ba ya iya riƙe numfashi, kuma yadda maganarsa ke fita shi ke gaya wa likita ko aikin ya yi masa yawa.

In an saba, zama guda yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya. A fara da tafiya gaba, da baya, da gefe. Tafiya da baya tana tayar da tsokokin ɗuwawu da na gadon baya waɗanda zaman kujera ya kashe. Sai a jingina da bango a riƙa sauka ana tashi kamar za a zauna a kujerar da babu ita, sai karkata ƙugu gaba da baya a hankali, sai lilo da ƙafa ɗaya jiki na tsaye ƙyam, sai danna allon soso ƙasa a hana shi tasowa da ƙarfi. Wasu sukan rufe da tsarin Ai Chi, wanda Jun Konno ya ƙirƙira a Japan a 1993: tsayuwa cikin ruwa iya kafaɗa, ƙafa a ware, hannaye na buɗewa suna rufewa a hankali tare da dogon numfashi. Duk wannan lokaci idon likita na aiki a yanayi mai wuya, domin ruwa yana karya gani, ƙafa ta bayyana gajera kuma ba a inda take ba. Don haka da abin da ke sama yake karanta abin da ke ƙasa. Kafaɗa ɗaya ta faɗa, ya san ƙugu ya zame. Leɓe ya ɗaure, ya san ciwo ya taɓa, ko da dattijon ya ce lafiya lau, don manyanmu ba su cika son nuna gazawa gaban yaro ba.

Mafi kyawun gani a wurina shi ne tsarin Bad Ragaz. Sunan wani gari ne a gabashin Suwizalan wanda tun 1840 ake janyo masa ruwan ɗumi mai digiri 36.5 daga kwazazzabon Tamina, kuma a can aka raya wannan hanya daga ƙarshen shekarun 1950, bisa dabarun da aka ɗauko daga Jamus. Majinyaci yakan kwanta rigingine a kan ruwa, da zoben iska a wuya, da wani a ƙugu, wani lokaci da ƙanana a idon sawu. Likita ya tsaya da ƙafa a ware ya kafe, ruwa bai wuce ƙasan ƙirjinsa ba, don in ya wuce shi ma zai fara yawo. Ya riƙe majinyacin ta ƙugu ko ta gwiwa ko ta ƙafa, ya zama shi ne turken da jikin ke motsi a kewayensa. Yana iya lilo da shi a hankali hagu da dama, gadon baya ya miƙe ya saki yadda ba zai taɓa yi a kan katifa ba. Yana iya cewa, "Riƙe jikinka a miƙe, kada ka bari in lanƙwasa ka," sannan ya ja shi cikin ruwa, tsokokin gefen ciki su yi aiki ba tare da ƙashin baya ya motsa ba. Ya matsar da riƙonsa daga ƙugu zuwa gwiwa, aikin ya ƙaru. Zuwa idon sawu, ya ƙara ƙaruwa. Duk awon a tafin hannunsa yake. Yana jin lokacin da tsoka ta kama, da lokacin da ta fara rawa, da lokacin da mutum ya fara sata da wata tsokar. Wannan ba a koyonsa daga allo, sai an yi shekaru ana riƙe jikin mutane.

Bayan wannan duka sai sanin lokacin tsayawa. Ruwa yana ɓoye gajiya. Mutumin da ya shekara bai taka ƙasa babu ciwo ba, ranar da ya ji ƙafarsa ta yi sauƙi ba ya son fita, sai ya ce a ƙara. Gwani ba ya biye masa. Zaman farko gajere ne, kuma hukuncinsa sai washegari: in ciwo ya tashi ya kwana bai sauka ba, an yi yawa, a rage. Fitowa ma da tsari. Matsin da ke tura jini sama ya gushe, jijiyoyin jini sun buɗe saboda ɗumi, nauyi ya dawo gaba ɗaya, ga daɓe a jiƙe. A nan jiri ke kama tsoho. Sai a hau matakala ɗaya-ɗaya ana dafe da ƙarfe, a zauna, a sha ruwa, a huta kafin a kama hanya.

To me bincike ya nuna? Wani gwaji da aka yi a Shanghai ta ƙasar Sin, aka buga a mujallar JAMA Network Open a watan Janairu na 2022, ya raba mutum 113 masu daɗaɗɗen ciwon baya gida biyu. Rabi suka yi atisaye cikin ruwa na awa ɗaya sau biyu a mako har wata uku, rabi aka yi musu gashi da fitila da na'urar lantarki. 'Yan ruwa sun fi samun sauƙin harkokinsu, kuma bambancin yana nan bayan shekara guda. Sai dai mahalartan 'yan shekara 18 zuwa 65 ne, kuma abin da aka gwada ruwan da shi jinya ce ta kwance, wadda ake yi wa mutum yana shiru. In aka gwada atisayen ruwa da atisayen doron ƙasa, kamar yadda wani bita da aka buga a mujallar Clinical Rehabilitation a 2009 ya duba, sakamakon kusan ɗaya ne. Wannan bai rage darajar ruwa a idona ba ko kaɗan. Motsi shi ne maganin, ruwa kuwa shi ke buɗe ƙofar motsi ga wanda ƙasa ta rufe masa ita: mai ƙiba, mai ciwon gwiwa a kan na baya, mai tsoron faɗuwa. Franklin Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye a 1921, ya fara zuwa ruwan ɗumin Warm Springs a jihar Jojiya a 1924, ya ji daɗin yadda yake iya tsayuwa a ciki har ya kafa cibiyar jinya a wurin a 1927, kafin ya zama shugaban Amurka. Bai sake tafiya da ƙafarsa shi kaɗai ba. Ruwa ba ya tayar da jijiyar da ta mutu. Abin da ya rage a jiki shi yake ba wa damar aiki.

Kuma ruwa yana da abin da ba ya iya bayarwa. Ƙashi sai yana ɗaukar nauyi yake riƙe ƙwarinsa, musamman ga matan da suka daina al'ada. Don haka likitan kirki tun ranar farko yana shirin fitar da majinyacinsa. Kafin a fara yakan auna sau nawa mutum zai tashi daga kujera ya zauna cikin daƙiƙa 30, da lokacin da zai ɗauka ya tashi ya taka mita uku ya juyo ya zauna. Bayan makonni ya sake aunawa, a doron ƙasa, domin a can ake rayuwa. Ana matsowa ruwa marar zurfi, ana ƙara atisayen gida a kan tabarma da jikin bango, ana rage zuwa kwami daga sau biyu a mako zuwa sau ɗaya, har a sallame shi da abin da zai ci gaba da yi da kansa.

Neman sauƙi a ruwan ɗumi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mutane na zuwa Tafadek a yankin Agadas don ciwon gaɓoɓi, kuma duk wanda ya shiga ruwan Wikki a Yankari, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, ya san yadda jiki ke saki a ciki. Jiƙa jiki yana da daɗi, yana kuma rage ciwo na ɗan lokaci, amma ba ya gina tsoka. Kada kuma wani ya karanta wannan ya ɗauki mahaifinsa ya kai shi dam ko kududdufi. Can akwai tsargiya, da santsi, da ramin da ba a gani.

Ma'aikatan muna da su. Jami'ar Bayero ta Kano da wasu jami'o'in suna yaye likitocin fisiyo kowace shekara, akwai kuma hukumar ƙasa da ke yi musu rajista, wadda ya kamata iyali su tambayi shaidarta kafin su damƙa tsohonsu a hannun kowa. Kwamin ne ya yi ƙaranci. Na otal an gina shi ne don masu iyo: sau da yawa ya yi zurfi, tsaninsa a miƙe yake, lokacin hunturu kuma ruwansa ba ya shiguwa. Gwani yana iya aiki da shi a watannin zafi, da rana, a ɓangaren da ba zurfi, ya gajarta lokaci ya ƙara saurin motsi don kada sanyi ya kama. Sai batun sutura da keɓewa, wanda in ba a warware shi ba iyayenmu mata ba za su zo ba, kuma da gaskiyarsu: a ware musu ranaku, mace ta shiga da su, a yarda da doguwar riga da wando marasa nauyi, a kange wurin daga idon masu wucewa. Kwamin jinya ba ya bukatar girma. Tsawon 'yan mitoci ya isa, zurfi daga cibiya zuwa ƙirji, da matakala mai faɗi, da ƙarfen dafawa a kewaye, da daɓen da ba ya santsi, da injin tace ruwa, da mai auna sinadarin kulorin safe da yamma. Abin da ke cinye kuɗin irin wannan wuri a ƙasashen sanyi ɗumama ruwa ne, mu kuwa rana za ta yi mana mafi yawan wannan aiki in aka shimfiɗa bututu a kan rufi. Asibitin koyarwa ko wata ƙungiyar masu hali a gari za su iya gina ɗaya, su ɗauki likitoci biyu, namiji da mace, su tura su horo na musamman a kan aikin ruwa kafin a buɗe.